Ƙwaryar Kande a Stapleton

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A ƙofar coci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni, har mutumin da muka daina gaisawa tun rigimar katanga ya zo yi mini barka da sauka don kunnensa ya samu abin kai wa gida. Kowa da dusar ƙanƙara yake farawa, amma a wuri ɗaya ake ƙarewa: wai da gaske ne ni, dattijon coci, na sha giya a New York? To ga amsa a rubuce, kowa ya karanta da kansa, ni kuma in samu in sha shayina da zafinsa. Wanda yake shirin kai wa fasto labari ya huta, na riga shi.

Kafin mu hau mota sai kun san uwata. Sunanta Kande, ita ce mai burkutun ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi tun kafin mu shiga coci. A tsakar gidanta akwai doka: ba a yabon giya da baki, domin a cewarta baki yana tsinka tukunyar gobe. In giya ba ta yi maka ba, sai ka rage, ka zubar a gindin bango, ka miƙa ƙwarya a buɗe. In ta yi maka, ka shanye har guggubi, ka kife ƙwaryar, ka tashi ka tafi ba ka ce uffan ba. Da yamma takan fito ta dubi tsakar gida. In ta ga ƙorai a kife kamar kunkuru sun fito shan iska, ranar har waƙa take yi tana wanke-wanke. Da na yi baftisma na bar sha, ita ma tsufa ya raba ta da murhu, ban kuwa taɓa zaunar da 'ya'yana na ba su wannan labari ba. Dattijon coci ba ya koyar da dokar gidan giya.

Babban ɗana ne a New York. Ɗan fari ne, mu kuma mutanen da ne, saboda haka ni da uwarsa Saratu ba ma faɗin sunansa, ba ma yabonsa a gabansa. "Yaron nan" muke cewa, ko da yake furfura ta fara leƙo masa. Ya tafi karatu, ya samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, muka yi ta godiya ga Allah. Kwatsam sai ya kira ya ce ya ajiye aikin, shi da wani Bature sun buɗe wurin dafa giya. Saratu ta kwanta ciwon kai har maƙwabta suka zo dubiya.

Bayan wani lokaci ya sake kira, ya ce a ba ni wayar.

"Baba, na yi wata giya da tsiron dawa, na sa mata sunan Kaka. Kai kaɗai ka rage wanda ya san ɗanɗanon tata. Ka zo ka ɗanɗana, ka taho da ƙwaryarta in tana nan. In ka ce ba ta cancanci sunan ba, zan goge shi, in zubar da giyar, in koma asibiti."

Saratu tana gefe, ba abin da ta ji sai "in koma asibiti". Ciwon kai ya warke nan take. Ta juye maɓallai da allurai daga tsohuwar ƙwaryar surukarta, ta goge ta, ta ce, "Malam, aikinka ba wuya. Ka taɓa da harshe, ka ce ba daɗi, ka dawo."

Daga Zariya, inda muke zaune yanzu, zuwa Abuja na zauna kusa da wata mata mai buhun barkono, muka yi atishawa tun daga Kwangila har muka sauka, direba yana ce mana sanyin safe ne. A jirgi kuma na ƙi yarda a sa ƙwaryar cikin kaya, don na ga yadda ake jifa da akwatuna. Na ɗora ta a cinya na riƙe da hannu biyu. Yarinyar da ke raba abinci ta dube ni, ta dubi ƙwaryar, ta tafi da sauri ta kawo mini jakar amai. Na yi godiya na karɓa. Duk sanda ta wuce sai ta tambaye ni ko na ji sauƙi, ni kuma in ce da sauƙi, tun da ba a ce wa mai dubiya lafiya lau nake.

A filin jirgin New York kare ne ya fara yi mini maraba. Ya zagaya jakata, ya zauna a gabanta kamar an kira shi cin abinci. Aka buɗe. Kilishin da Saratu ta naɗe cikin zane ya tafi, aka ce nama ba ya shiga ƙasar. Daddawa kuwa da ma'aikacin ya buɗe ledarta sai ya ja da baya, ya kira abokinsa, shi ma ya ja da baya. Suka yi shawara daga nesa, suka ce in ɗaure abina da kaina. Sai ya ɗauki ƙwaryar yana jujjuyawa, ya tsaya a kan ɗinkin da aka yi wa tsagar bakinta, ya tambaye ni ta mece ce. Na ce ta uwata ce, ta rasu. Bai ƙara tambaya ba, ya miƙo mini ita da hannu biyu. Ban san sunansa ba, amma wannan yaro an yi masa tarbiyya a gidansu.

Na fito ina neman jama'ar da suka zo tarbata, sai na ga mutum ɗaya, baƙo, da farar hula, ya ce shi ne Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, direba ne kuma maƙwabcin yaron nan. Ɗana yana kan tukunya ba ya iya barinta, matarsa Rahila kuma tana asibiti inda take aikin jinya. A gida da an yi wa uba haka, da sai an tara dangi.

"Bon, Dattijo, kada ka sa a rai," in ji Alhaji yana ɗaukar jakata. "Ƙasar ga ko uban wa ya zo, shift, wato lokacin aiki, bai san shi ba."

A unguwar Tompkinsville suke zaune, a bene, cikin gidan da duk ɗakunansa in an haɗa ba su kai zaurenmu na ƙauye ba. A jikin bangon ɗakina akwai wani ƙarfe mai ɗumama ɗaki, yana ƙwanƙwasa kansa lokaci-lokaci. Da farko sai da na tashi na buɗe ƙofa ina cewa wane ne. Washegari na sauka na gaida mutumin da ke ƙasa yadda ya kamata, na tambayi kwanansa, da iyalinsa, da gajiya, da sanyi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ya gode, ba ya bukata, ya rufe ƙofa. Rahila ta ce ya zaci wani abu nake tallatawa.

Abinci ban sha wahala ba. Rahila 'yar Jos ce, hannunta da albarka, kuma a kan titinsu akwai shagon wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ke sayar da kuka, da kuɓewa busasshiya, har da daddawar da na kusa rasa mutuncina a kanta. Abin da ban saba da shi ba shi ne cin abinci a tafe. Mutum da kwat da takalmi mai ƙyalli, yana gudu yana gatsar burodi mai rami a tsakiya, ba zama, ba bismillah ga na kusa. Karnuka kuwa da riguna, wasu har da takalma. Alhaji ya kai ni na hau jirgin ruwan da ke kai mutane cikin gari, muka wuce mutum-mutumin matar nan mai ɗaga fitila. Ni kaɗai na miƙe na dube ta, sauran kowa yana duban wayarsa.

Yaron nan da ni mun gaisa kamar yadda muka saba. Ya durƙusa, na dubi bango, na tambaye shi aiki, ya ce da godiya. Na ga ya rame. Ban faɗa ba.

Ranar Asabar da rana aka kai ni unguwar Stapleton, inda wurin dafa giyar yake. Wani tsohon sito ne suka gyara. Na shiga ina neman murhu da hayaƙi da tsofaffi masu tankaɗe, ban ga ko ɗaya ba, sai manyan tankunan ƙarfe a jere suna ƙyalli, ko ƙuda babu. Abokin aikinsa Bature ya zo ya kama hannuna yana girgizawa kamar mai buga ruwan famfo. Gemunsa ya kai ƙirji, saboda haka na sa masa Maigemu, sunansa na gaskiya ya ƙi zama a bakina. A bango akwai baƙin allo irin wanda na yi shekaru ina koyarwa a kai, an rubuta sunayen giya da alli. A can sama, da manyan baƙaƙe, KANDE.

Ni ban taɓa kiran uwata da sunanta tana raye ba. Ina tsaye sai wani saurayi mai zane a damtse ya jingina da teburi ya ɗaga yatsu ya ce a ba shi Kande biyu. Wata kuma ta ce Kande ta fi ta makon jiya. Na nemi kujera na zauna.

Yadda suke shan giya ma abin kallo ne. Mutum ya ɗaga kofi sama ya leƙa shi a haske, ya juya shi, ya tura hanci ciki ya daɗe, ya kurɓa kaɗan, sannan ya rufe ido ya fara bayani. Wannan ya ce ya ji mangwaro, wancan ya ce ciyawa, wata ta ce abarba. A gidan Kande wanda ya shinshina ƙwarya haka, cewa ya yi an sa masa sammu, kuma sai an raba faɗa. Ga yabo a fili, da ƙarfi, a gaban tankuna. Duk wanda ya ce ta yi daɗi sai gabana ya faɗi, in ce a raina shi ke nan, sun tsinka ta gobe.

Yaron nan ya zuba a kofin gilashi ya ajiye a gabana don in gani. Rawaya ce mai kauri, kamar an dama kunun zaƙi an tsinka shi, ba ka ganin yatsanka ta bayan kofin.

"Hazy ake ce mata, Baba. Da gangan ba a tace ta sosai. Yanzu ita ake yayi."

Na ce ashe mun daɗe muna yayi a ƙauye ba mu sani ba. Bai yi dariya ba. Ya karɓi ƙwaryar kakarsa, ya ɗauraye, ya tara ta a bakin famfon giya. Kumfa ta taso fara. Maigemu ya kashe kiɗa, Rahila ta tsaya a bayan mijinta, masu sha suka juyo, don an gaya musu ɗan mai sunan ne ya zo daga Afirka.

Ga hukuncina, tun da shi kuke jira. Ƙamshin na mangwaro ne da ɓawon lemo, abin da ba shi da haɗi da burkutu. Kurɓar farko sanyi ya buga mini haƙori, ta Kande kuwa da ɗumi ake shanta. Sai ɗaci, irin na shuwaka, daga wani ganye da suke zubawa wai shi hops. Tsamin nan da ke tsuke kumatu babu shi. Kuma a kwance take shiru, alhali ta Kande rayayya ce, tana tsuwa a cikin ƙwarya kana sha tana motsi. Amsar Saratu tana kan harshena, kuma da na faɗe ta ba ƙarya na yi ba.

Sai na haɗiye. Can ƙasan maƙogwaro, bayan ɗacin ya wuce, wani abu ya taso a hankali: tsiron dawa. Dawar da aka jiƙa aka shimfiɗa a inuwa aka rufe da buhu har ta fito da farin gashi, aka shanya, aka niƙa. Warin zanen uwata ke nan, wanda nake cusa fuskata ciki ina yaro in an doke ni a waje. Na yi kewarta a wurin nan yadda ban yi ba ko ranar da muka binne ta. Ban san sanda na sake ɗaga ƙwaryar ba. Na shanye har guggubi.

Daga nan na yi abin da ya kamata. Na kife ƙwaryar a kan teburi, na miƙe, ban dubi kowa ba, na fita. Na taka har bakin ruwa na tsaya ina kallon jiragen kaya har idona ya bushe. Raina fari ƙal. Na ce yau na yi wa yaron nan abin da ban taɓa yi masa ba, kuma a gaban jama'a. Matsalata kawai yadda zan yi da Saratu.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Yaron nan yakan gaishe ni ya fita da sassafe. Na ce kunya ce, an karrama shi ya rasa inda zai sa kansa. Rahila takan ajiye mini tuwo ba ta ɗaga ido ba. Na ce kai, yarinyar nan akwai ladabi. Ranar komawata ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce in gaida Mama, akwai aikin da zai gama a sito, Alhaji zai kai ni.

Mun ɗan yi nisa a hanyar filin jirgi. Can Alhaji ya rage rediyo.

"Dattijo, ni ban sha, ban taɓa sha ba, kuma da ta ni ce da lemo yaron ga yake saidawa. Amma abin da ka yi mishi ya yi tsanani. Ko ba ta yi ba, ai a ɗaki ake faɗi."

Na ce me na yi?

"Ka shanye kamar magani, ka kife, ka fita gaban mutane. Ya goge sunan tun ran nan. Ya kira asibiti. Yau zai zubar da tankin, shi ya sa bai rako ka ba."

Na yi masa bayanin dokar gidan Kande tun daga farko, har da kunkuru. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Dakor, na gane. Shi ya san wannan?"

Na ce ban taɓa gaya masa ba.

"Nan wanda ya kife kofi ya fita, cewa ya yi kada a ƙara ba shi. Ƙasar ga, Dattijo, abin da ba a faɗa ba, ba a yi shi ba."

Na ce ya juya. Ya ce jirgi fa. Na ce jirgi ba ɗana ba ne. Alhaji Isufu, mutumin da bai taɓa taka ƙofar sitonsu ba, ya juya mota ya yi gudun ceton giya, yana istigfari a kowace kwana.

Da na shiga, saman allon fayau, sai shatin tsumma. Ƙwaryar tana gefe a buɗe, an wanke ta. Yaron nan ya ba ni baya, ya durƙusa yana haɗa wata roba daga gindin tanki zuwa magudanar ruwa, Maigemu yana tsaye a kansa kamar mai jiran a sa gawa a rami. Wani inji yana ruri. Na ce, "Kai!" Bai ji ba. Na ce, "Yaron nan!" Bai ji ba. Na ga hannunsa ya kai kan marfin da zai murɗa.

Na ce, "Ishaya!"

Tun ranar da aka raɗa masa shi sunan bai fita daga bakina ba. Ya juyo, ya gan ni, sai ya leƙa bayana yana neman wanda ya kira shi.

Na sa aka kashe injin. A tsaye, da hular tafiya a kaina, na koya wa ɗana dokar gidan giya. Ya saurara baki buɗe.

"Baba, to me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Faɗa yana tsinka tukunya."

"Wannan tankin ƙarfe ne, Baba. Ba ya tsinkewa. Don Allah ka faɗa mini da baki, yaya take?"

Na ce, "Ta yi sanyi da yawa. Ganyen nan naka ya yi ɗaci. Mangwaro kuma ba shi da aiki a cikin giya. Ba ta Kande ba ce." Na ga kafaɗarsa ta sauka. Na ce, "Amma Kande tana ciki, na same ta a ƙasa. Tashi ka ɗauko alli."

Ya hau kujera yana rubutawa yana share fuska da hannun riga, baƙaƙen suka fito a karkace. Ni kuma na mai da hankali ga tankuna, na duba su ɗaya bayan ɗaya kamar zan saya. Maigemu bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya fi kowa kuka, gemu sharkaf. Da Ishaya ya sauko ya miƙo mini ƙwaryar in sa a jaka, sai na karɓa, na ɗora ta a kan kantar da ke ƙarƙashin allon yadda ya kamata ta zauna. Alhaji yana waje yana danna ham. Mun samu jirgi, da ƙyar.

Na iso Zariya da la'asar. Saratu ta bari na sha ruwa, na ci abinci, 'yan barka da sauka suka watse, sannan ta zauna a bakin tabarma. Ita ma ta zauna a tsakar gidan Kande tana amarya, ta wanke ƙorai a can ba iyaka.

"Malam, yaushe zai koma asibitin?"

Na ce ban ji ya sa rana ba.

Ta dube ni, ta dubi jakata. "Ina ƙwaryar?"

"Tana can."

"A buɗe?"

"A kife."

Sannan ta ce, "To," ta tashi ta kwashe kwanuka. Daga inda nake zaune ina jin ta a bakin rijiya tana wanke-wanke, tana wata tsohuwar waƙa ƙasa-ƙasa, wadda ba ta cikin littafin coci.